Yadda za ka kai iyali gandun Blue Spring a Florida: ganin ayu, ninkaya da kwana a tanti

'Yan uwa mazauna Amurka da masu zuwa hutu Orlando sun yawaita yi mini tambaya iri ɗaya: ban da manyan wuraren wasa masu cinye albashin wata a yini guda, ina za a kai yara su sha iska da kuɗi kaɗan? Amsata kullum ita ce Blue Spring State Park, gandun shaƙatawa na gwamnatin jihar Florida da ke garin Orange City, a bakin kogin St. Johns. Maɓuɓɓuga ce da ke tunkuɗo ruwa kusan galan miliyan 100 a kowace rana, garau da shi har kana hango yashin ƙasa, kuma ɗuminsa ba ya wuce digiri 22 a ma'aunin Salshiyos, rani da damina. Zuwa wurin ba wuya, amma mutane da yawa suna komawa gida da ɓacin rai saboda sun je a watan da bai dace da abin da suke so ba, ko kuma sun makara. Ga yadda ake shirya tafiyar daki-daki.

1. Fara zaɓar wata kafin komai

Wannan matakin shi ne ginshiƙin tafiyar, domin gandun yana da fuska biyu, kuma ba a samun su a rana ɗaya.

Daga 15 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris lokacin ayu ne. Ɗan uwan ayun nan ne da masunta suka sani a kogin Kwara da Binuwai. Duk girman jikinsa ba ya jure sanyi: idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 20 ya daɗe a haka, sai ya kamu da ciwo, har ya mutu. Saboda haka da zarar kogin St. Johns ya huce, sai su yi tururuwa zuwa rafin da ke fitowa daga maɓuɓɓugar. A farkon shekarun 1970 ayu 14 masu bincike suke bibiya a wurin. A watan Janairun 2024 ma'aikatan gandun sun ƙirga 932 a safiya ɗaya. A duk tsawon waɗannan watanni rafin a rufe yake: ba ninkaya, ba nutso, ba shiga da kwalekwale.

Daga Afrilu zuwa tsakiyar Nuwamba kuma lokacin shiga ruwa ne. Yawancin ayun sun bazu cikin kogi, sai dai ka yi sa'a ɗaya ko biyu su leƙo.

To, ka zauna da iyalinka ku yanke shawara. In ayu kuke son gani, ku nufi Janairu, kuma ku zaɓi safiyar da ta biyo bayan dare biyu ko uku na tsananin sanyi. Ranar da garin ya yi ɗumi a cikin hunturu za ka iya tarar da 'yan ƙalilan. Ƙungiyar Save the Manatee Club tana wallafa ƙirgen safiya a intanet, tana kuma da kyamarar da ke nuna rafin kai-tsaye, ka duba kafin ka ƙona mai. In ninkaya ce, ni na fi son Afrilu da Mayu ko Oktoba. Yuni zuwa Satumba daminarsu ce, da zafi mai gumi da hadarin la'asar, ga 'yan makaranta suna hutu sun cika ko'ina.

Gargaɗi: lokacin guguwar teku yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Bayan babbar guguwa kogin kan cika ya tura baƙin ruwansa cikin rafin, a rufe wurin ninkaya na makonni. Haka kuma a ƙarshen Janairu garin Orange City yana bikin ayu na shekara-shekara, kuma ƙarshen makon nan cunkoso sai wanda ya gani.

2. Duba shafin gandun, ka yi lissafin aljihu

Ana gobe za ka tafi, ka buɗe shafin Florida State Parks, ka nemi Blue Spring, ka karanta sanarwar da ke can sama. A nan suke faɗin ko an rufe wani sashe saboda gyara ko ambaliya. Ka kuma duba ko sai an yi rijistar shiga tun daga gida, domin a 2025 gandun Wekiwa Springs da ke kusa ya fara wannan tsarin, kuma ƙa'idojin gandayen suna sauyawa.

Kuɗin ƙofa na mota ne, ba na kai ba: dala 6 ga mota mai mutum 2 zuwa 8, dala 4 idan kai kaɗai ne a ciki, dala 2 ga mai ƙafa ko keke. Wanda ke zaune a Florida kuma yake yawan fita, katin shekara ya fi masa sauƙi: dala 60 na mutum ɗaya, dala 120 na iyali, kuma yana aiki a kusan duk gandayen jihar, sama da 170.

Abin da ke cin aljihu shi ne hayar kwalekwale, hayar tayar shawagi (tayar roba da ake hurawa a zauna a kai a kan ruwa), tikitin jirgin yawon kogi da abincin kantin ciki. Duk waɗannan daban ake biyansu. In ka zo da abincinka da tabarau na ninkaya daga gida, iyali guda za su yi yini cur a kan dala 6 da kuɗin mai.

3. Haɗa kaya tun da dare

Ruwan sha da yawa, cikin akwatin ƙanƙara. Man kariya daga rana, kuma baƙar fata ba ta hana ƙuna a ranar Florida, musamman ga yara. Maganin sauro na fesawa a jiki. Takalmin roba mai riƙe ƙafa, saboda matakalar shiga ruwa tana da santsi, silifa kuma ruwa ke tafiya da su. Tawul, kayan canji, ledar zuba jiƙaƙƙun kaya da wata ta shara. Ƙaramar jaka mai hana ruwa shiga don waya da mukullin mota.

Masu zuwa ganin ayu su sa rigar sanyi ta gaske. Kada sunan Florida ya ruɗe ka, safiyar Janairu a bakin kogi tana iya sauka ƙasa da digiri 5. Ka riƙo baƙin tabarau irin mai kashe ƙyallin ruwa, bambancin da yake kawowa wajen hango abin da ke ƙarƙashi ba kaɗan ba ne.

Batun abinci: ka sayi naman halal a Orlando tun jiya, ka jiƙa shi da yaji ya kwana. Akwai murhun gashi na gawayi a wurin cin abinci, amma kowa da kowa ke amfani da shi, kuma ka san abin da ake gasawa a ƙasar. Ka zo da gawayinka da takardar alminiyom mai kauri ka shimfiɗa a kan ragar. Ka sa darduma da buta a mota. Alƙibla daga tsakiyar Florida tana arewa maso gabas ne, ba gabas sak ba, kuma akwai inuwar manyan itatuwa inda za ka yi sallarka ba mai ce maka uffan.

'Yan uwa mata masu son shiga ruwa su nemi kayan ninkaya masu rufe jiki da ɗankwalinsu mai kama kai. Babu mai hana su. Abin da ba na so shi ne a shiga da doguwar riga ko zani ko hijabi mai faɗi, domin in ya jiƙe nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa, ga ruwan yana gudu. Maigida kuma ya sani tun daga gida cewa a lokacin zafi shigar mutanen wurin ba irin tamu ba ce. Wanda hakan zai dame shi ya je da sassafe ranar aiki, ko ya zaɓi lokacin ayu, da kowa ke lulluɓe.

4. Hanya da sammako

Daga tsakiyar Orlando tafiyar kusan minti 45 ce in babu cunkoso. Ka hau babbar hanyar I-4 ta ɓangaren Daytona Beach, ka sauka wajen Orange City, ka bi titin 17-92 zuwa French Avenue, ka miƙe yamma har ƙarshe. Adireshin shi ne 2100 West French Avenue. In motar haya ce daga filin jirgi, ka tambaye su yadda ake biyan kuɗin hanyoyin da ke da haraji, domin wasu ba a karɓar tsabar kuɗi, sai dai takardar caji ta biyo ka daga baya da ƙari. Dokar jihar ta wajabta kujerar yara a mota ga ɗan shekara 5 zuwa ƙasa.

Ana buɗe ƙofa ƙarfe 8 na safe, a rufe da faɗuwar rana, kowace rana a shekara. Kuskuren da ya fi kowane yawa yana nan: mutum ya tashi a natse, a yi wanka, a karya, a iso ƙarfe 11. Wurin ajiye motoci yana da iyaka, kuma da ya cika sai a rufe ƙofa har wasu su fita. A ƙarshen mako na lokacin zafi, da kuma safiyar sanyi ta Janairu, layin motoci yana farawa tun kafin a buɗe. In kai sammako ka yi, wani a tafe ya kwana. Ka yi niyyar isa bakin ƙofa 7:30, yara su karya a cikin mota.

Gargaɗi: in ka shiga, kada ka fita sayen ƙanƙara ko gawayi da tunanin za ka dawo. Idan an rufe a bayanka, rasit ɗinka ba zai buɗe maka ba, sai ka koma layi.

5. Yadda ake kallon ayu

Ka ajiye mota a ƙasa, kusa da kogi, inda tsohon gidan Thursby yake, farin gidan katako da aka gina a 1872. Daga nan gadar katako ta bi gefen rafin har zuwa idon ruwan, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, da dandamalai na leƙawa nan da can. Keken jarirai da keken marasa lafiya suna bi lafiya lau.

Kada ka yi gaggawar kai wa ƙarshe. Ayun sun fi taruwa a rabin rafin na ƙasa, kuma wanda ya tsaya wuri ɗaya ya fi mai zirga-zirga ganin abin kallo. Da farko za ka ɗauka duwatsu ne masu ruwan toka a kwance a ƙasa. Ka ba su 'yan mintuna. Ɗaya zai taso a hankali, hancinsa kawai ya fito, ka ji hucinsa, ya rufe ƙofofin hancin ya koma. Babba yakan kai mita 3, nauyinsa wajen kilo 450. In ka ga ƙarami ya cusa baki a hammatar uwarsa, nono yake sha, a nan nonon ayu yake. Ka nuna wa yara fararen tabon da ke bayan mafi yawansu, jere-jere kamar an tsaga da wuƙa. Farfelar jiragen ruwa ce ta yi musu, kuma da waɗannan tabon masu bincike ke gane kowane ɗaya idan suna ƙirge da safe a cikin kwalekwale. Wannan abin yana taɓa ni duk lokacin da na gani, kuma yana da kyau yaro ya san dalilin da ya sa aka rufe rafin domin su.

Rafin ba shi da ciyawar da za ta ishe su, don haka idan rana ta ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi, da yawa sukan fita kogi kiwo. Dalili na biyu ke nan na zuwa da wuri.

Gargaɗi: haramun ne a doka taɓa ayu, ba shi abinci ko ruwa, jifansa, ko binsa. Dokokin tarayya na 1972 da 1973 da ta jihar Florida ta 1978 duk suna kare shi. A matakin jiha hukuncin yana kai wa tarar dala 500 ko ɗaurin kwana 60, na tarayya kuwa dubban daloli ne da ɗaurin shekara. Mu da muka taso muna jin labarin man ayu a bakin masu magani, a bar wannan zancen ko da wasa. In ka ga wanda ya ji rauni ko ya sarƙe da igiya, ka gaya wa ma'aikacin gandu.

6. Shiga ruwa a lokacin zafi

Akwai matakalar shiga biyu, ta sama kusa da idon ruwa da ta ƙasa. Shigar farko sai ka ɗauke numfashi, sanyinsa kamar ruwan randa da asubar hunturu, amma bayan minti biyu jiki ya saba. Yara ƙanana su ne ba sa daɗewa, da ka ga leɓensu ya fara rawa ka fitar da su su sha rana.

Mai tayar shawagi ya shiga ta sama, ruwa ya gangaro da shi zuwa matakalar ƙasa, ya fita ya sake zagayowa ta gadar katako. Gajeriyar tafiya ce, amma yara ba sa gajiya da ita. Mai ƙarfin ninkaya kuma ya sa tabarau da bututun shaƙar iska ya nufi idon ruwan, yana yaƙi da gudun ruwa. A can za ka ga bakin rami baƙi ƙirin, da kututturan itace a gicciye a kansa, ruwa yana tunkuɗowa da ƙarfin da zai mai da kai baya. Ramin ya wuce mita 30 a zurfi. Ka kalle shi daga sama ka ƙyale. Shiga ciki na masu takardar shedar nutso ne da tukunyar iska, su ma ba a barinsu su kaɗai.

Dogayen kifayen nan masu baki kamar almakashi da za ka gani sun yi cirko-cirko a gefe ba ruwansu da mutum.

Gargaɗi na farko: wanda bai iya ruwa ba ya sa rigar ceto, babba ne ko yaro, kuma taya ba ta maye gurbinta. Wurare da dama ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Kada ka dogara da cewa wani zai lura maka da yaro, a ware babba ɗaya wanda aikinsa ke nan kawai, ba waya a hannunsa.

Na biyu: akwai kada. Duk ruwan daɗi a Florida ka ɗauka da kada a ciki, kuma a 2015 kada ya kashe wani mai ninkaya a wannan rafin. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, ma'aikata kuma suna sa ido, suna rufe wurin in sun ga babba. Naka shi ne ka tsaya cikin iyakar da aka shata, ka guji ciyayin gefe, ka fita da zarar an ce a fita. Bai wa kada abinci laifi ne a dokar jihar.

Na uku: tsawa. Tsakiyar Florida na cikin wuraren da suka fi yawan faɗuwar aradu a Amurka. Da ka ji rugugi, a fita daga ruwa a shiga mota, ba ƙarƙashin itace ba, a jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe.

In ayu ya shigo kana cikin ruwa, ka matsa gefe ka ba shi hanya, ko da shi ne ya nufo ka.

7. Kogi: jirgin yawo, kwalekwale da ƙugiya

Ga iyali mai tsofaffi ko jarirai, jirgin yawon kogi na awa biyu ya fi komai. Yana da rumfa, mai tuƙi yana bayani, kuma daga ciki za ku ga kadoji suna shan hantsi, da kunkuru, da zalɓe, da gaggafa in an yi sa'a. Ka sayi tikiti ta intanet kafin ranar, a lokacin sanyi kujeru suna ƙarewa.

Hayar kwalekwale tana nan duk shekara a bakin kogi. A lokacin ayu akwai alamomi masu shawagi a bakin rafin, ba a ƙetare su. Doka ta ce kowane mutum da rigar cetonsa a cikin kwalekwalen, da usur guda, kuma yaro ƙasa da shekara 6 dole tana jikinsa. Ka fara tuƙi kana fuskantar iska domin dawowa ta zo da sauƙi, ka riƙa bin gefe saboda jirage masu inji, ka kuma lura da agogo tunda da awa ake caji.

Ba a kamun kifi a rafin. A kogi ake yi, kuma sai da lasisin ruwan daɗi. Baƙon da ba mazaunin jihar ba yana biyan dala 17 na kwana 3, ko dala 30 na kwana 7. Ɗan ƙasa da shekara 16 ba ya buƙata.

8. Yawon ƙafa

Hanyar Pine Island tana ratsa daji na kilomitoci da dama, wani sashen yashi ne tsantsa babu inuwa. Ta lokacin sanyi ce, da rufaffen takalmi da gorar ruwa. A nan ake ganin wani shuɗin tsuntsu na kurmin yashi, mai suna Florida scrub-jay, da babu irinsa a ko'ina a duniya sai Florida. Ka tsaya kan hanya saboda macizai da kaska, kuma kada yaro ya taka tudun ƙasa mai laushi, gidan jan tururuwa ne mai cizo kamar wuta.

9. In za ku kwana

Gandun yana da filin tanti 51, kowane da famfo, wutar lantarki, tebur da murhu, ga banɗakuna masu ruwan zafi a kusa. Dala 24 ne a dare, ban da haraji da dala 6.70 na rijista da ba a mayarwa. Akwai kuma ɗakunan haya 6, kowane da ɗakin kwana biyu da kicin, yana ɗaukar mutum 6, a kan dala 95 a dare da ƙarin dala 7 na wuta da ruwa. Ga iyalin da ke son sirri, wannan ya fi otal daɗi.

Ana kama wuri ta shafin rijistar gandayen jihar. Mazauna Florida suna iya kamawa wata 11 kafin ranar, sauran mutane wata 10, kuma ɗakunan na lokacin sanyi suna ƙarewa kusan da an buɗe su. In ba ka samu ba, ka riƙa leƙawa, mutane suna fasawa. Babbar ribar kwana ita ce ba ruwanka da layin ƙofa: kana kan gadar katako tun kafin motocin waje su shigo.

Masu tanti suna karɓar fili ƙarfe 3 na rana, su bar shi ƙarfe 1 na ranar tafiya. Ka kafa tantin da sauran haske, kuma ka gwada kafa shi a gida in sabo ne. Itacen wuta a nan kusa ake saye, ba a so a ɗauko daga nesa saboda ƙwarin da ke kashe itatuwa. Layin dogo ya bi ta gefen gandun, za ku ji jirgi cikin dare, mai saurin farkawa ya zo da abin toshe kunne. Masu kwana a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu su fito bayan magariba, lokacin ne ƙwarin nan masu walƙiya ke cika dajin.

Gargaɗi: kada abinci ya kwana a tanti ko a kan tebur. Akwai baƙar beyar (bear), wata babbar dabbar daji mai bin ƙanshin abinci, a yankin, ga wasu ƙananan dabbobin dare masu wayon buɗe murfin akwatin ƙanƙara. Komai mai ƙanshi, har man goge baki, a kulle shi cikin mota. Kafin ku tafi ku kashe garwashi da ruwa, ku kwashe shara zuwa manyan kwandunan da ke da marfi, sannan a duba jikin yara sosai saboda kaska, musamman bayan kunne, hammata da bayan gwiwa. In an samu wadda ta kafe, a cire ta da ɗan hantsaki a hankali daga wajen kanta, a wanke wurin da sabulu, kuma in zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya cikin 'yan makonni a je asibiti a faɗa musu an shiga daji.